Kawu Trifon da Haƙorin Hankaka

Ranar da haƙoran Kawu Trifon suka faɗa tukunyar Gwaggo Zdravka, rabin matan unguwarmu suna tsakar gidan, shi ya sa labarin bai tsaya neman mai kai shi ba.

Lokacin gasa tattasai ne, sanyi ya fara leƙowa daga kan tsauni. Mata sun girka ƙatuwar tukunya suna dafa lutenitsa, markaɗen tattasai da tumatir da muke ɗurawa a kwalabe saboda hunturu. Kawu Trifon yana can kan rufin yana gyara wa Zdravka indararo, yana kuma ba su umarnin da babu wadda ta tambaye shi. A rage wuta. A ƙara gishiri. Wance ba ta iya riƙe muciya ba. Yana cikin wangale baki hayaƙin tattasai ya taso ya shige masa hanci, ya saki wata atishawa da ta tashi tantabarun makwabta. Sai ga haƙoransa na roba na sama sun yi tsalle, sun dira kan tayil ɗin rufin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, suka gangaro kamar sun san hanya, suka bi indararon da ya gama sharewa yanzun nan, tsulum cikin tukunya.

Zdravka ta ɗaga kai.

"Kai, aiki ya yi kyau, Trifon! Indararon nan ba ya riƙe komai yanzu."

Ta zura ludayi ta laluba, ta tsamo su jajawur suna yi mata murmushi. Mata suka faɗi ƙasa don dariya. Wata ta ce, "Yara in sun yi famfara ɗai-ɗai suke jefa wa hankaka a kan rufi ya musanya musu da na ƙarfe, kai kuma duka ka watsa masa. Cikin baki guda na ƙarfe kake so ya kawo maka?"

Ya buɗe baki zai rama, leɓe ya lotsa ciki, iska kawai ta fito. Ya sauko daga tsani a hankali kamar babu abin da ya faru, ya karɓi kayansa, ya ɗan karkaɗe su, ya mayar. Ya motsa baki sau biyu.

"Na faɗa muku gishiri bai ji ba," in ji shi.

Wannan shi ne Trifon. Kunya ba ta daɗewa a jikinsa, kamar ruwan sama ne a kan tayil.

Tun yana saurayi yake hawa rufin mutane. Babu gida a ƙauyenmu da bai taka kansa ba, har da coci. Ƙusa a baki yake tara ta, kwalba da haƙori yake buɗe ta, aljihunsa kuwa bai taɓa rabuwa da alewar lokum ba, wai ita ke hana shi jiri a sama. Kafin furfura ta gama rufe masa kai bakin ya zama fili. Marigayiya matarsa Gina ta yi faɗa har ta gaji, buroshin da ta saya masa da shi yake goge maɓallan rigar zuwa coci.

Abu guda ne ba ya wasa da shi. Idan yaro ya yi famfara, yakan tsaya a tsakar gida ya wurga haƙorin kan rufi ya ce, "Hankaka, hankaka, ga na ƙashi, ka ba ni na ƙarfe." To, Trifon ne kaɗai ya san inda waɗannan haƙora suke ƙarewa, domin shi ke tsintar su a cikin indararo, farare da baƙaƙe, wasu kamar ƙwayar shinkafa. Bai taɓa zubar da ko ɗaya ƙasa ba. Yakan ɗaga tayil ya tura shi ƙarƙashi ya rufe. In an tambaye shi sai ya ce ajiya ce, mai ita zai zo ɗauka. Daga nan ne ya samo iliminsa na haƙori, ilimin kuwa jimla ɗaya ne: na yara na aro ne, komai ya same su za su zube.

Ɗansa Plamen da matarsa Iskra suna Sifaniya suna tsinkar lemu, kamar rabin matasan ƙauyen. Suka bar masa 'yarsu Nevena tun tana tatata. Mutane suka ce namiji tsoho ba zai iya ba. Ya iya. Ya koyi kitso, ko da yake kullum gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, ga baki kamar na kakanta. Gidan da ya yi shiru tun rasuwar Gina ya koma kamar kasuwa. Da yamma yana dama mata madara mai ɗumi da zuma cokali biyu, ta sha ta kwanta. Da rana ɓauren da aka dafa a sukari. Tsakanin nan da can kuwa, aljihun lokum a buɗe yake.

Da ta kai shekara shida haƙoranta na gaba sun yi baƙi a gindi kamar bakin tukunya. Duk wanda ya yi magana, amsa ɗaya ce.

"Na hankaka ne. Ku bar shi ya zo ya kwashe kayansa."

Labarin tukunya bai kwana uku ba ya isa birnin Plovdiv, kunnen Madam Velichka, uwar Iskra. Mace ce mai jaka da safar hannu, wadda ko tari za ta yi sai ta nemi izini. Abin alfaharinta a duniya shi ne ta haura saba'in da haƙoranta cif, farare, a jere kamar 'yan makaranta. Ta sha faɗa a gaban mutane cewa ita likitan haƙori gaisuwa kawai ke haɗa su. Tun farko ba ta so a bar jikarta a ƙauye ba, yanzu abin nema ya samu.

Ta sauka daga motar safe. Ko zama ba ta yi ba ta kama haɓar Nevena ta ɗage mata leɓe kamar mai sayen akuya.

"Mene ne wannan, Trifon?"

"Baki ne, surukata. Kowa yana da irinsa."

"Bakin jikata ne ya koma murhu? Yaushe rabonta da buroshi?"

"Tana da shi. Ja ne, mai kan agwagwa."

"Na ce yaushe rabonta da shi!"

Nevena ta taimaka wa kakanta da gaskiya: "Da shi muke taje wa 'yar tsana gashi."

Trifon ya kawo mata shayi da gasasshen burodi don ya sanyaya magana. Ta gatsa sau ɗaya, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron yoyo a cikin silin. Ita kuwa ta ajiye kofi ta yanke hukunci. Ta riga ta yi waya da Iskra. Iyayen yarinyar suna zuwa Kirsimeti. In suka ga bakin nan, Nevena za ta bi ta birni, ɗaki yana nan an shirya, makaranta tana bayan gida.

"Mutumin da bai iya riƙe haƙoransa a bakinsa ba," in ji ta tana sa safar hannu, "ina zai riƙe 'yar mutane?"

Da ta tafi, Zdravka ta leƙo ta kan shinge. "Hankaka mai da ɗan wani naka! Ga shi ya zo, amma ba haƙori ya zo ɗauka ba."

Trifon ya zauna a kan dakali yana kallon takalman yarinyar da ke bakin ƙofa, ɗaya a kife.

Kada wani ya ce tuba ce ta kai shi wurin likita. Shaida ya je nema. Ya sa rigar coci, ya yi wa Nevena kitsonta mai gefe ɗaya, suka hau mota zuwa gari, yana gaya wa duk wanda ke cikin motar cewa yau mai ilimi za ta faɗa da bakinta cewa haƙoran yara na aro ne, shi kuma zai kai wa Velichka maganar da zafinta.

Likita Mincheva ƙaramar mace ce, sa'ar Iskra. Ta kwantar da Nevena, ta kunna fitila, ta daɗe tana dubawa. Trifon yana tsaye a bayanta yana bayani.

"Na gaban nan kada su dame ki, 'yata. Sun kusa tafiya."

"Sun kusa, Kawu. Matso ka ga wani abu."

Ta sa ɗan madubi can ƙurya, bayan duk sauran haƙoran. Ga wani babban turmi, sabo, mai faɗi, da ɗan ɗigo ruwan ƙasa a tsakiyarsa.

"Wannan yaushe ya fito?"

"Oho. Shi ma ai zai zube."

"Ba zai zube ba. Wannan na dindindin ne. Huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, suna fitowa a wannan shekarun ba tare da wani ya faɗi ya ba su wuri ba, shi ya sa iyaye ba sa lura. Da shi za ta tauna abinci har ta kai shekarunka. In ya tafi, babu wani a ƙarƙashinsa."

Trifon ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa madubin.

"Tsaya, tsaya. Ba a jefa masa komai ba fa."

"Wa?"

"Hankaka. Kina nufin ya kawo na ƙarfen tun tuni, ta ƙofar baya, ba a biya shi ba?"

Likita ta yi dariya. "Haka ne. Kuma tun zuwansa kake jiƙa shi a zuma."

"Wannan ɗigon fa? Ai bai kai kan allura ba."

"Kai da kake rufi, in tayil ya tsage kamar silin gashi, me ke faruwa da katakon da ke ƙasa?"

Ya sha ɗaga tayil mai kyau a ido ya tarar da katako ya zama gari. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kamar a coci.

Aka cike kogon a ranar, aka gyara na yarintar da za su gyaru, domin ashe su ma ba banza ba ne, su ke riƙe wa manya wuri. Likita ta nuna masa yadda ake yi. Safe da yamma. Man goge baki kamar ƙwayar wake, ba kamar ana shafa wa burodi man shanu ba. A tofar, kada a kurkure da ruwa. Bayan gogewar yamma babu abin da zai shiga bakin sai ruwa. Zaƙi kuma a haɗa shi da abinci sau ɗaya, ba a yini ana tsotso ba. Sannan shi zai riƙa gama mata da hannunsa, domin yaron da bai iya ɗaure igiyar takalmi ba bai iya kai buroshi ƙurya ba.

"Na gaban za su yi fari kafin Kirsimeti?" Ita ce kaɗai tambayar da ya yi da ƙaramar murya.

"A'a, Kawu. Abin da ya yi baƙi ya yi. Na baya muke ceto."

Ya mayar da hularsa. "To. An ba ni aiki."

Mu da ke makwabtaka da shi mun sha kallo. Trifon ba ya yin abu a ɓoye. Ya kafa kujera a baranda, inda duk mai wucewa zai gani. Shi yake fara cire nasa ya goge a cikin kwano yana yi musu faɗa, sannan Nevena ta goge nata, sannan ta jingina kai a gwiwarsa ya bi su layi-layi yadda yake jera tayil, daga ƙurya zuwa gaba, waje, ciki, sama. "Buɗe ƙofa, mai rufi ya zo!" In ta rufe baki ya ce shi ba a taɓa korar sa daga aiki bai gama ba, ba kuma za a fara a kansa yau ba.

Madarar zuma ce ta zama yaƙi. Yamma ta farko da aka hana ta, kukan Nevena har bakin rafi. Ta ce ba ta son sa, ta ce gara ta tafi wurin Kaka Velichka. Wannan ta soke shi, mun gani a tafiyarsa washegari. Amma bai ba ta ba. Ya mayar da madarar kan teburin abincin yamma, kafin buroshi, zumar kuma ta ragu zuwa bakin cokali. Lokum ɗin aljihu ya juye wa akuyar Zdravka, ya cika aljihun da tuffa da ɗan cuku a takarda. Shi kansa ya sha wahala, mun sha ganin hannunsa ya shiga aljihu ya fito da tuffa, ya harare ta kamar ta zage shi.

Sai dai gida ɗaya ba ya renon yaro a ƙauyenmu. Wanda ranar bikin waliyyin da aka sa masa sunansa ta zo, da kwalin cakulan yake yawo. Wadda ke sadakar mamacinta, dafaffiyar alkama da sukari da alewa take rabawa a ƙofar coci, kuma ba a cewa a'a, sai dai ka karɓa ka ce Allah ya gafarta masa. Ƙauyen da tsofaffi suka fi yawa kuwa, kusan kullum akwai mai suna ko mai mamaci, yara kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Duk zaƙin garin a bakin Nevena yake ƙarewa.

Trifon bai hana ta karɓa ba, ba ya faɗa da matattu. Ya ɗinka mata ƙaramar jaka. Ta karɓa, ta yi addu'a, ta jefa a jaka, bayan abincin rana ta zaɓi ɗaya. Tsofaffin mata suka ce wannan rowa ce da sunan ilimi. Zdravka ta fi kowa, ta riƙa kiran yarinyar bakin shinge tana tura mata cakulan a baki tana cewa, "Haɗiye maza, kada tsohon nan ya gani."

Ya gani. Daga kan rufi babu abin da ba a gani.

Ranar Lahadi bayan an fito coci ya tsaya a kan matakala ya yi shela. "Jama'a, ƙanƙara ta kusa. Ni kaɗai ne mai tsani a garin nan. Duk wadda ta ƙara sa wa jikata alewa a baki ba a jaka ba, ta tanadi bokiti, domin rufinta zai yi yoyo har furanni su fito."

"Don ɗan cakulan, Trifon?" in ji Zdravka. "Mu da muka tashi a kan sukari, me ya same mu?"

"Yi dariya mu gani."

Ta rufe baki da gyale. Aka watse. Daga ranar jaka ta riƙa cika, baki ya huta.

Ranar Kirsimeti da rana aka haɗu a teburinsa: Plamen, Iskra, da Madam Velichka wadda ta zo da ƙaramin akwati babu komai a ciki, kowa ya san na kayan wa ne. Ana gama cin abinci ta ce, "Nevena, zo ki yi wa mamanki murmushi."

Yarinya ta yi. Na gaban nan suna nan baƙi yadda suke, ɗaya ma yana lilo. Iskra ta dafe ƙirji.

"Kin gani da idonki," in ji Velichka.

Trifon bai yi gardama ba. "Waɗannan aikina ne, Iskra, ni na ɓata su da zuma. Amma kada ki sayi gida daga bakin ƙofa. Kunna fitilar wayarki ki shiga ciki."

Iskra ta durƙusa ta haska. Dasashi ya yi kyau, ba ja ba kumburi. Can ƙurya turame huɗu suna ƙyalli, ɗaya da ɗan cikonsa. Nevena da baki a buɗe take bayani, ba a jin rabin maganar, wai waɗannan na ƙarfe ne, hankaka ya kawo su bashi, ba a ba su zuma da yamma.

Plamen ya buɗe kwalin alewar da suka zo da ita daga Sifaniya. Nevena ta ɗauki ɗaya ta ci, ta ɗauki ta biyu ta juya ta, ta kai ta jaka. Babu wanda ya sa ta. Da rana ta faɗi kuwa ta je ta ɗauko buroshinta mai kan agwagwa, ta wuce uwarta, ta wuce kakarta ta birni, ta jingina kai a gwiwar tsohon.

"Mai rufi, ƙofa a buɗe take."

Iskra ta tsaya tana kallon manyan yatsun nan masu kanta suna bin bakin 'yarta a hankali. A nan ne mai lilon ya fita, ya zauna a kan buroshi. Aka fita tsakar gida cikin ƙanƙara, mu ma muka fito bakin shinge, Nevena ta ja baya ta wurga shi sama da dukkan ƙarfinta ta yi wa hankaka kiransa. Muka ji ɗan ƙwas a kan tayil.

"Mama," in ji Iskra, ba ta ko juyo ba, "ki mayar da akwatin. Tana nan. Ko ni da kika haifa ba ki taɓa goge mini baki da hannunki ba."

Velichka ta gyara wuyan rigarta. Ta ga makwabta sun cika shinge, ta ga ba za ta tafi haka nan ba, sai ta yi murmushin nan nata mai jere ta ɗaga murya.

"Duniya ta juya. Wai mai haƙoran da ke iyo a tukunyar mutane shi ne malamin haƙori."

Trifon ya share buroshin a hankali ya miƙa wa jikarsa.

"Gaskiyarki, surukata, nawa sun yi iyo, kowa ya gani. Amma tun ranar da kika gatsa burodina na ji naki sun yi ƙwas, sun gaisa da nawa. Don Allah, tunda mun zama 'yan gida ɗaya, wane gam kike sa musu? Ni nawa ba ya jure atishawa."